Kwalbar da Na Zubar Bayan Sallah

Soron Ɗinki, cikin birnin Kano.

Zuwa ga Sa'adatu, Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ki kin sauka Badun lafiya, kumburin ƙafa ya sauka, kin sami ɗaki mai sakata. Allah ya tsare ki a hanya da bayan hanya, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya yi miki katanga da waɗanda ba su ba. Mahaifiyarki ce ta cusa takardar a ƙarƙashin sallayarki cikin akwati, don na ce mata kada ki gani sai kin isa. Na san halinki. Da a zaure na miƙa miki, a tsaye za ki karanta ki ce, "Baba, na ji," alhali ba ki ji ba. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, to ni nawa goran sai yau na iya fafe shi, ki yi haƙuri da tsoho.

Labarin gida ba zan ba ki ba, jiya-jiya kika bar shi. Zan fara da abin da ya fi damuna, don kada ki yi ta laluben inda na dosa. Yayanki Abba yana nan garin da kika sauka, a unguwar Sabo. Kin san rabona da shi da magana shekaru ne, kuma kin san ni na jawo. Ina so ki je wurinsa. Digirin da kika tafi nema ina so ki samu, Allah ya sani, amma in aka ce in zaɓa tsakanin digirin da in ga ƙafar yaron nan a zaurenmu kafin a ɗauke ni, ba zan yi dogon tunani ba. Sai dai kafin ki je, ki ji yadda na ɓata al'amarin, don halina ne a jikinki tsaf, kuma ina tsoron ki je ki ƙarasa ɓarnar da na fara. Ɓarnar kuwa a ɗakin gwaji na fara koyonta, tun kafin in kawo ta gida.

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula a wancan karon, kina goye a bayan mahaifiyarki na dawo daga karatu a Ingila. Gari ya cika da buri kamar yadda ya cika yanzu. An yi mana alkawarin sabon ɗakin gwaji a jami'a, da na'urori, da janareta. Ni kuma na dawo kaina yana hayaƙi, ina ganin ba wanda ya san sirrin bakteriya a faɗin Kano sai ni. A jakata akwai wata 'yar kwalba mai ruwan ƙasa da malamina na can ya ba ni kyautar bankwana, da farar hoda a ciki, wadda kuka sani da ONPG. Zan dawo kanta.

Abin da zan faɗa yanzu kin sani, kin ma ci jarrabawa a kansa, amma ki bar ni in faɗa da bakina yadda na saba faɗa wa ɗalibai. Ƙwayar nan ta cikin hanji, E. coli, wadda littattafanku suka ɗora wa komai, ba ta ɓarnar ƙarfi. In kika zuba mata sukari iri biyu a kwalba ɗaya, gulukos da laktos na madara, gulukos take fara ci, don shi ba wahala. Laktos kuwa sukari biyu ne a manne, sai an raba su kafin su ciwu, kuma ba ya shiga jikinta sai ta wata ƙofa tasa ta musamman. Ƙofar furotin ce. Wuƙar da take raba shi ma furotin ce, ita ce ake kira enzayim. Umarnin ƙera ƙofar da wuƙar yana jere wuri ɗaya a ƙwayoyin gadonta, amma akwai wani furotin da yake zaune a bakin wurin ya danne shi, wanda nake kira mai gadi a aji. Muddin babu laktos, mai gadi ba ya tashi, ba a ƙera komai. In ma laktos ya zo alhali gulukos yana nan, ba ta kula shi sosai. Sai gulukos ya ƙare, sai ki ga girma ya tsaya cak, kamar an yi mutuwa a kwalbar. Ba mutuwa ba ce. A cikin shirun nan ne laktos yake tayar da mai gadi, a karanta umarni, a ƙera ƙofa da wuƙa, sannan ci ya dawo, girma ya ci gaba.

To ni sai na ce ba zan koyar da yaran Kano da ƙwayar da aka ɗauko daga Turai ba. Zan nemo tamu ta gida in nuna musu wannan tsayawa da tashi da idonsu. Na ɗauki kwalabena na nufi rijiyar tsakar gidanmu. Inna, mahaifiyata, wadda kika ci sunanta, tana zaune tana tsince shinkafa, ta bi ni da ido har na gama jan guga.

Ta ce, "Kai kuwa abin da aka tura ka Ingila ka koyo ke nan, leƙen rijiya? Ruwan da ya raine ka yau shi kake tuhuma?"

Na ce, "Inna, akwai masu rai a ciki da ido ba ya gani."

Ta ce, "To ka gaishe su. Ka ce musu mun gode da zaman lafiya."

A ruwan nan na tsamo wata ƙwaya kyakkyawa. Na tace ta har ta fita ita kaɗai, na ajiye uwarta, wato irin da zan riƙa ɗiba, a firijin ɗakin gwaji. Na ba ta gulukos, kafin gari ya waye ruwan ya dame kamar ruwan wankin shinkafa. Na ba ta laktos a kwalaben gwaji masu ɗan launin nan da yake komawa ja-ja in ƙwaya ta ci sukari ta fitar da tsami. Kwana ɗaya shiru. Kwana biyu shiru. Littafi ya ce E. coli ba ta kai haka, ni kuma agogon littafi nake bi. Na yanke hukunci cewa ba ta cin laktos, ba ta da amfani a wurina.

Uwata, abin takaicin shi ne na san da masu jinkiri. Na san akwai ƙwayoyin da suke da wuƙar lafiya lau, ƙofar ce ba su da ita sosai, sai laktos ya riƙa shiga kaɗan-kaɗan, su yi kwanaki kafin a ga alamar ci. Don irinsu ma ake amfani da hodar da ke jakata. An yi ta ne da siffar laktos, tana iya kaiwa ga wuƙar ba sai ta wannan ƙofar ba, in wuƙar tana nan sai ta yanka ta, ruwan ya koma ruwan ɗorawa tsakanin azahar da la'asar. Ɗan abin da bai kai kan allura biyu ba ya ishe ni in san gaskiyar ƙwayata. Ban buɗe kwalbar ba. Na ce wannan hoda ta babban aiki ce, sai sabon ɗakin gwaji ya zo. Da yake wuta ba ta zama a jami'a, na kawo ta gida na naɗe a tsumma na ɓoye bayan randa inda ya fi sanyi, na kafa wa kowa doka. Mahaifiyarki ta fi shekara goma tana sharar wurin tana kewaye tsumman nan kamar laya.

Aka tafi hutun Babbar Sallah. Da muka dawo ina kwashe tebur, sai na ga kwalba ɗaya ta maƙale a bayan sauran, na manta da ita. Ta koma ja-ja, har da kumfar iska a ciki. Kin san abin da na ce? Na ce wata ƙwayar ce ta faɗa ciki ta gurɓata shi. Ban shafa a farantin gwaji in ga ko ƙwayata ce ko ba ita ba, aikin da bai fi 'yan mintoci ba. Na riga na yanke hukunci, kuma ba na son abin da zai ƙaryata ni. Na haɗa kwalbar da sauran na zuba a tukunyar turiri da muke kashe ƙwayoyi da ita, na buɗe firiji na ɗauko uwar ma na haɗa, wai tana cin wuri.

Sabon ɗakin gwajin bai zo ba. Sojoji ne suka dawo. Kayan aiki suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, muka koma koyar da kimiyya da alli. Wata rana, shekaru bayan nan, ina tsaye a gaban allo ina koyar da darasin masu jinkirin nan, na rubuta cewa suna da wuƙa ƙofa ce ba su da ita, sai allin ya tsaya a hannuna. Kwalbar nan ja-ja ta faɗo mini a rai kamar yanzu na ɗaga ta. Na tsaya ina kallon allo har wata ɗaliba ta ce, "Malam, ko a kawo ruwa?" Da na koma gida na janyo tsumman bayan randa na buɗe. Zafi da danshi sun gama da hodar. Ta dunƙule ta yi rawaya ita kaɗai, ba ta taɓa gwada komai ba. Na sha ɗibar ruwan rijiyar nan bayan haka, na sami ƙwayoyi iri-iri, amma waccan ban ƙara samunta ba. Har yau ban san ko mai jinkiri ce ko gurɓata ce ta gaske ba, kuma ba zan taɓa sani ba.

Don haka ki ji. Abin da ke hannunki na aiki ki yi aiki da shi yau. Kada ki ajiye wa babbar ranar da ba ki da tabbacin zuwanta, abin da aka hana amfani lalacewa yake a ajiye. In kwalba ta nuna miki abin da ba ki zata ba, kada hannunki ya riga idonki, ki shafa a faranti ki duba tukuna. Kuma agogon littafi na ƙwayar littafi ne. Na ji kina gaya wa mahaifiyarki wai in kika yi wata shida ba ki ga sakamako ba za ki tattaro ki dawo. Kada ki soma. Watannin farko za ki ga kamar ba kya motsi, harshe baƙo, abinci baƙo, malaminki ba ya ko kallonki. Wannan tsayawar ce, ba ƙarshe ba. Ga mutanen gari nan, farar hula ba su gama zama a kujera ba an fara cewa ba abin da ya sauya. Su kam ba zan tsaya musu ba, don ban san ko suna da wuƙar ba. Ke na san kina da ita.

Yanzu za ki ce Baba ya fara, komai sai ya mayar da shi bakteriya. To ki bar ni, da ita na san duniya.

Abba ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina aka sa masa, shi ya sa ake ce masa Abba. Kunya biyu ke nan ta hau kaina. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ban taɓa zama na yi hira da shi ba. Haka na ga an yi mini, haka na yi. Mahaifiyarki ma haka, har ta fi ni, "mai sunan Malam" take ce masa in ta kama dole. Da aka yaye shi ɗakin Inna aka kai shi, a can ya girma. Ba na zagin al'ada, tana da kyanta. Amma al'adar ta san abin da take yi, shi ya sa ta bar kaka. Duk abin da yaron nan yake so a wurina, Inna yake gaya wa, ita ta same ni ta ce, "Mijina ya ce takalminsa ya tsinke." Duk abin da nake so ya ji, ita nake gaya wa. Ranar da ya ci jarrabawar shiga jami'a na kasa ce masa komai, sai na sayo agogo na ba Inna, ta ɗaura masa ta ce ita ta saya.

Akwai abin da nake koyarwa duk shekara ban taɓa jin sa a jikina ba sai daga baya. Mai gadin nan ba ya danne wurin ɗari bisa ɗari. Yakan ɗan muskuta jefi-jefi, a ƙera 'yan ƙofofi da wuƙaƙe kaɗan ko da babu laktos. In ba don wannan ɗan yoyon ba, ranar da laktos ya zo ba ta inda zai shiga, balle ya tayar da mai gadi, sai ƙwayar ta zauna da yunwa abinci yana kewaye da ita. A gidanmu Inna ce wannan 'yar kafar. Ni ban lura ba sai da ta toshe.

Inna ta rasu a shekarar da aka rufe jami'o'i aka yi ta yajin aiki, kina sakandare. Ni na zaɓa wa Abba fannin kimiyya, ban tambaye shi ba, don a ganina barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yana gida lokacin, a hannunsa Inna ta cika. Bayan an share makoki sai yaro ya yi shiru. Ba ya fita, ba ya karatu, ba ya zuwa ƙwallo. Da safe zai fito zaure ya zauna kusa da Baffanki Ɗanladi, ƙanena, wanda ya gaji ɗinkin riguna a wurin mahaifinmu, ya zuba wa hannunsa ido har azahar. Aka buɗe makaranta, abokansa suka koma, shi bai motsa ba. Kullum in zan fita sai na tsallake ƙafarsa, in na dawo in tarar da shi inda na bar shi. Raina ya yi ta ɓaci. Na ce lalaci ne, na ce ya mutu a zaune.

Wata safiya cikin azumi na tsaya a zauren ina riƙe da jakata. Ban dube shi ba. Na dubi Baffanki na ce, "Ɗanladi, ka gaya wa yaron nan Ƙaramar Sallah ce wa'adinsa. Ko ya koma makaranta, ko ya nemi inda zai zauna. Ba na ciyar da gunki."

Ɗanladi ya ajiye allura ya ce, "Yaya, ga shi nan a zaune, yana ji."

Na ce, "Kai na sa."

Ya ce, "Yaya, a bar yaro ya huce mana. Rasuwar nan ta dake shi fiye da kowa."

Na ce, "Wata nawa ake hucewa? Ni ba uwata ba ce?"

Sai na ji muryar Abba, ƙasa-ƙasa, ya ce, "Baba." A iya sanina wannan ne karon farko da ya fara yi mini magana da kansa ba aike ba. Na tsaya. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya dubi tabarma. Uwata, na jira shi gwargwadon yadda mutum zai zura takalmi, ƙafar dama da ta hagu. Da ban ji komai ba na ce a raina ba shi da abin faɗa, na fice. Washegarin Sallah ya bi motar 'yan goro ya yi kudu.

Mahaifiyarki ba ta yi kuka a gabana ba, kunya ba ta bar ta ba. Sau ɗaya tak ta yi magana, tana miƙo mini ruwan alwala, ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Malam, hannunka ba ya ruɓa ka yanke ka yar." Na yi kamar ban ji ba. Tun daga ranar ba ta ƙara yin ɗanwake, abincin da ya fi so, a gidan nan ba, ke ma kin sha tambayarta dalili tana ce miki kuka ta yi tsada.

Sauran labarin kin ji gutsi-gutsi, bari in ba ki cikakke. Kakanku bahago ne, Malam Bahago ma ake ce masa a unguwa. Saboda haka tambarin da yake yi a bayan babbar riga hagu yake juyawa, saɓanin na kowa. Ɗanladi da dama yake ɗinki, amma da yake a gabansa ya koya, shi ma hagu yake juya nasa. Ban san wani gida a birnin nan da yake haka ba. Bara waccan, ranar wata Juma'a, na zauna a sahu bayan wani Alhaji baƙo mai farar shadda, sai idona ya faɗa kan tambarin bayansa. Hagu ya juya. Kuma ba hannun Ɗanladi ba ne, na san hannun ƙanena, wannan ya fi nasa ƙanƙantar ɗinki da tsafta. Allah ya yafe mini, huɗubar ranar ko kalma ɗaya ban ji ba.

Da aka sallame na bi shi har wajen takalma. Na ce, "Alhaji, don Allah wa ya yi maka aikin nan?"

Ya yi dariya ya ce, "Ai ɗan garinku ne, a Sabo ta Badun. Yaro ne ba ya magana, sai aiki. Sai ka gaji da jira kafin ya gama, amma in ya gama ka manta ka jira."

Na ce, "Yaya sunansa?"

Ya ce, "Abba Bahago ake ce masa, ko da yake ni da dama na ga yana riƙe allura."

Na dawo gida na tambayi Ɗanladi ko shi ya koya masa. Ya rantse bai taɓa miƙa masa allura ba. Ya ce, "Na dai lura a watannin nan allurata tana ɓacewa, ƙyallaye suna raguwa, na ɗauka yaran gida ne." Ashe duk zaman da nake tsallakewa ina tsaki, koyo yake. Yana kallo a zaure, yana gwadawa a ɗakin Inna inda ba mai shiga. Watakila abin da ya so faɗa mini ke nan ranar da na sa takalmi. Watakila wani abu ne daban. Shi ma ban sani ba.

Za ki ɗauka na yi hankali daga nan. Ina! Na nemo Alhajin nan, ɗan kasuwar goro ne mai zuwa kudu, na ce, "Ka gaya masa ubansa ya ce ya dawo gida." Kin ji fa, umarni, kuma ta bakin wani, kamar dai wancan karon. Da Alhaji ya dawo ya ce ya faɗa masa.

Na ce, "Me ya ce?"

Ya ce, "Bai ce komai ba. Ya dai ajiye allura ya sunkuyar da kai."

Na ce, "Ka jira shi?"

Ya ce, "Malam, motata za ta tashi."

Ni kuma na ɗauki shirun nan a matsayin amsa, na ce ya ƙi, na yi fushi, ban sake aike ba. Mutum ya yi kuskure ɗaya sau uku yana da furfura, wannan ba rashin sani ba ne, hali ne. Sai da takardar karatunki ta fito na ga sunan garin, na zauna na dubi kaina sosai. Da na sani ƙeya ce, na yarda, amma ai ba a hana mutum waiwaye.

To ga abin da nake roƙonki, kuma roƙo ne, ba umarni ba. In kin huta kin san hanya, ki tambayi Sabo, ki tambayi Abba Bahago mai ɗinkin riguna. Na ji yana da mata da 'yar yarinya, ki riƙe mata alawa. Ba zai kore ki ba, sunan Inna ne a kanki, tun kina jaririya shi ne mai ɗaukarki yana ce miki Innata. Kada ki je da wa'azi. Kada ki ce masa Baba ya tsufa, haƙƙin iyaye, kaza da kaza, duk ya san wannan ya fi ki. Kada ki kare ni, ba ni da abin karewa. Kada kuma ki zage ni don ki faranta masa, ba zai ji daɗi ba. Ki zauna a shagonsa ki kalli hannunsa kamar yadda ya kalli na Baffanku. Ki koma wani satin, ki sake komawa. Na san bakinki, ba ya iya zama a rufe, kuma na san ƙafarki, irin tawa ce, da ta ji shiru sai ta nemi takalmi. Wata rana zai ce, "Innata," ya buɗe baki ya rufe. A nan nake so ki tuna da ni. Kada ki tashi. Kada ki cika masa maganar, kada ki duba agogo, ko motar ƙarshe ce za ta wuce ki bar ta ta wuce, matarsa za ta ba ki tabarma. Ki zauna har abin ya fito, in ma bai fito ranar ba ki dawo.

A ƙasan akwatinki akwai ƙunshi a cikin jarida, na san kin gani kin ɗauka na mahaifiyarki ne. Farar shadda ce, da almakashin kakanku, wanda Ɗanladi ya ciro daga akwatinsa da kansa ya ce a kai wa mai shi. Ba ranar farko za ki ba shi ba, ke za ki gane ranar. In ta zo ki miƙa masa ki ce Baba yana son riga, aikin hannu, da tambarin gidanmu a baya. In ya tambaye ki ta wace Sallah ce, ki ce ba ta Sallah ba ce, ba ta da wa'adi, duk ranar da ya gama ita ce ranarta. In ya ce bai san tsayina ba yanzu, ki gaya masa gaskiya, na ɗan rage, kuma ba wanda ya iya awo a gidan nan tun da idon Ɗanladi ya yi rauni, sai dai in shi zai zo ya gwada.

Waccan kwalbar na zubar, ba ta dawowa, na haƙura da ita. Shi kuwa yana nan da ransa, ni ma da sauran nawa, ko da ban san yawansa ba. Zaure yana nan, na sa an sake masa daɓe, kuma yanzu na yi ritaya ba inda nake sauri. Ki ce masa in ya zo zan cire takalmina in ajiye a waje, in zauna, ya ɗauki duk lokacin da yake so.

Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki gaida maƙwabtanki ko ba kya jin harshensu, ki wanke hannu kafin ki bar ɗakin gwaji, kada ki tsotsi komai da baki ko kin ga manya suna yi. Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ce man shanun yana cikin gwangwanin madara, kada ki bari ya kwana a buɗe. Ba ta ce a gaida kowa ba, amma na ga ta auno wake da rogo ta kai niƙa, har da kuka.

Allah ya kiyaye ki daga sharrin dare da na rana, ya buɗe miki abin da kika je nema, ya sa ki fi ubanki haƙuri. Allah ya jiƙan Inna. Allah ya tsare mini ku, ke da Nasiru. Ga shi na rubuta sunan, ki nuna masa wurin in kin ga dama.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki.